Ubanka Nake Nufi

"Lafiya lau, ya hanya? Au, ashe kai ne. Na ɗauka mai sayen fatu ne ya shigo, don warin iri ɗaya ne."

"Warin man babur ne, tsohuwa. Tun daga Daura na taso saboda matata ta aika a kira ni, ga shi ko ruwa ba a ba ni ba."

Iya Yelwa ta turo masa kwanon sha tana hararar sa. Munzali jikanta ne, mijin wasanta tun yana rarrafe, ɗan Jafaru ɗanta na fari. Shi Jafarun yana Jidda yana tuƙin mota, rabonsa da Dutsi tun Munzali na firamare. To ɗan fari kuwa an san hali. Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, kai ko maƙwabcinsu mai sunan, "mai suna" take ce masa. Amma tun ranar da ƙawarta Lami ta ce ta ga ɗanta na Legas ƙuru-ƙuru a cikin waya, tuwo ya daina yi wa Iya daɗi. Kewa ce ke cin ta, kuma ba ta da bakin faɗa.

"To ga ni," in ji Munzali. "Me aka kira ni a kai?"

"Saki nake so. Miji kullum kai a sunkuye kan waya, ko cefane babu."

"Cefanen me? Da wane haƙorin za ki tauna? Kunu ya ishe ki."

"Gobe sai gaban alƙali."

"Alƙali na ganin ki zai ce ni aka zalunta, ya ba ni haƙuri."

Ta yi tsaki, amma idonta na kan aljihun rigarsa.

"Wannan abin naka, an ce wai ana ganin mutum a ciki."

"Kowa ma. Intanet ce. Ko mutum na bangon duniya, in akwai data da sabis, ga shi ga ki."

"Har wanda ya ƙetare teku?"

"Har shi. Wa kike son gani? Wani tsohon saurayinki?"

"Samarina duk sun mutu. Baƙin cikin ganin na ƙare da kai ne ya kashe su."

"To wa?"

"Wani dai."

"Babu Wani a wayata. Ita suna take ci. Faɗi sunan, ta nemo miki shi yanzu."

Ja'irin ya sani sarai, ta gani a dariyar da yake dannewa. Ta gyara zama, ta dubi rufin ɗaki.

"Wancan na gabas."

"Gabas da faɗi. Zango ko Baure?"

"Ubanka!"

"Kai! Daga tambaya sai zagi? Jama'a ku shaida!"

"Ubanka na ce!"

"Ta ƙara! Yau ni zan nemi sakin nan da kaina."

"Ubanka nake nufi, ɗan nema, wanda ya haife ka."

A nan muryarta ta karye. Munzali ya haɗiye sauran dariyarsa, ya miƙe ya matsa bakin ƙofa inda sabis ya fi kamawa, ya danna kiran bidiyo. Wayar na fara ƙugi Iya ta juya masa baya, ta ja mayafi har goshi, ta zaro tiren silba daga cikin jeren kwanukanta ta shiga gogewa kamar aikin ne kawai ya dame ta.

"Ga shi nan ya durƙusa a ɗakinsa," in ji Munzali.

"Iya, ina wuni? Na same ku lafiya?"

Muryar ce, ba ta canza ba, sai ɗan kauri da ta ƙara. Hannun Iya ya tsaya cak a kan tire.

"Ka ce masa lafiya lau."

"Ai yana jin ki."

"Da kai nake. Ka ce masa gero ya yi kyau bana. Ka ce masa an sake wa ɗakinsa yaɓe, yana nan babu mai shiga."

Daga can Jafaru ya ce, "Ka ce mata ta sa ni a addu'a. Ina neman hanyar zuwa."

"Ikon Allah," in ji Munzali. "Mutum biyu na jin juna, ni kuma na zama ɗan aike ba ko lada."

Kafin wani ya ƙara magana sabis ya ɗauke. Munzali ya ɗaga wayar sama, ya leƙa tsakar gida, ina, ya tafi.

"Kin ga kin yi asara," ya ce a hankali. "An kawo miki mutum har ɗaka, kin ba shi ƙeya. Ko kallo ɗaya ba ki yi ba."

"Ya rame," in ji Iya. "Ga furfura ta fito masa a gemu, irin ta mahaifinsa."

"A ina kika ga haka? Ido gare ki a ƙeya?"

Sai ya dubi hannunta. Tiren na riƙe a tsaye daidai kafaɗarta, ya sha guga yana ƙyalli, har yanzu bakin ƙofa ne a cikinsa.

"Iya! Leƙe da tire? Sai na kai ki Hisba, matar aure guda!"

Ta fashe da dariya, hawaye na ɗiga kan tiren, tana sharewa da bakin mayafi.

"Ka ci ni, ja'iri. Je ka kama jan zakaran can, naka ne. Amma ran Juma'a ka dawo mini da abin nan." Ta nuna bakin ƙofa da haɓa. "Kuma ka tsaya daidai inda ka tsaya yau. Daga nan ya fi fitowa."