Minsharin da Na Ɗora wa Mijina

A littattafan soyayyar da na karanta, jarumi ba ya minshari. Shi ya sa da minshari ya dame ni da dare, na kwashe shimfiɗar mijina na kai zaure. Yana rantsuwa ba shi ba ne, na ce, "Abban Hanifa, mai barci ne zai ba da shaida?"

Ranar kasuwar Kabo ba ya gida, sai ga minshari da tsakar rana. Ashe 'yarmu Hanifa ce, baki buɗe, numfashinta yana ɗaukewa yana dawowa. A asibitin Gwarzo aka ce maƙogwaronta ne ya kumbura, aka yi magani.

Ni fa na gano ciwon, amma ba wanda ya yaba mini. Har yau ko akuya ta yi tari, surukata sai ta leƙo ta ce, "Amarya, yau wa za a kora?"