Ranar da Na Ja Tuta Kamar Guga

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a kwalejin Tanut ba.

Ni marainiya ce daga wani ƙauye a bayan Gangara, a hannun kawuna na tashi. Aikina jan ruwa, kuma wanda ya san rijiyoyin Damargu ya san ba wasa ba ne. Madam Rabi, malamarmu ta lissafi, ita ta ajiye ni a gidanta, ci da sha da sabulu. Amma Kawu ya ce shekara ɗaya kawai ya ba ni aro, awaki na jira na.

Da shekara ta kusa ƙarewa, Madam ta aika masa ya zo ya gani da idonsa. Ta kuma roƙi darakta a ba ni ɗaga tuta ranar, don Kawu ya ga 'yarsa ta zama wani abu. (Ba wanda ya tuna cewa ban taɓa riƙe igiyar nan ba. Kullum a layin baya nake, ina ɓoye tsagaggen takalmina.)

Aka jeru. Ga Kawu can gefe da rawaninsa da sanda, fuska a murtuke. Na fito gaba, na tsaya a gindin sandar tuta. Na ce a raina, yau in na yi sanyin jiki, gobe ina bayan awaki.

Aka fara taken ƙasa. Jama'a, hannuna na taɓa igiya sai ya tuna gida! Na ware ƙafafu, na ɗan duƙa, na fizga hannu bi hannu. Fuuu! Kafin a gama layin farko tuta ta kai ƙoli, ta bugi ƙarfen sama, ƙwal! Sandar kanta sai da ta yi rawa.

Waƙa ta watse. Wani ɗan aji huɗu ya ce, "A kawo jarka, ruwa ya iso!" Fili ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina tsaye riƙe da igiya, hawaye na zuba, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, Kawu ya nufo mu, ni da Madam. Na ce shi ke nan, sai haɗa kaya.

"Malama," in ji shi, "kullum haka take yi?"

Madam ko gezau. "Ai Alhaji, haka take jan lissafi ma. Kafin su fara ta gama."

Kawu ya dubi yaran birni, ya dube ni, ya gyara rawani. "To ku riƙe ta. Da ma na san ba mai kamo ta."

Yau ni ma malama ce. Duk yarinyar ƙauye da zan ba igiyar tuta, sai na ja ta gefe na raɗa mata: "A hankali, 'yata. Ba ruwa a sama."