Wuƙar da ba irinta

A shekarun casa'in na dawo Haɗeja daga Legas da wata wuƙa mai ƙyalli. Mai shago ya rantse min injin kwamfuta ne ya ƙera ta a Turai, hannun mutum bai taɓa ta ba. Na zaga unguwa ina shelar ba irinta a duk Jigawa. Da kai ya gama kumbura, na ɗauki wuƙar marigayi Baba, aikin wani maƙerin Kaugama, wadda ƙotarta ta lotsa daidai babban yatsansa, na ba wani masunci kyauta a bakin kogi.

Ranar layya muka taru fiɗar bijimi a ƙofar gidan kawuna. Na ajiye wuƙata na je wanke hannu, na dawo na tarar da wuƙaƙe huɗu a kan tabarma, duk irin tawa sak. Ashe tuni sun cika kasuwa.

Kawu ya dube ni a natse, ya ce, "To ɗana, ɗauki taka. Ta ubanka ko da ido a rufe mun san ta."

Na yi ta jujjuya su, ban gane tawa ba.

Masuncin nan har Kirikasamma na bi shi, ban same shi ba. Yatsana har yau yana laluben wannan lotsawar. Jikokin Kawu kuwa "Baba Ba-irinta" suke kirana.