Ranar da Na Karya Dodon Mushe Iliya

Da maƙwabcina Mushe Iliya, wato Malam Iliya, ya gayyace ni wasan kati a fadarsu, wato majalisar hirarsu a garin Tawa, na tafi ina hura hanci, don ba a taɓa cinye ni a belot ba. Ashe nasu daban ne, masu zanen dodanni, kowane cikin ledarsa.

Na ce, "Ku ba gwani ya cuɗa." Na zare su daga leda, na lanƙwasa, sai ƙas! Guda ya karye.

Iliya, ƙato ne na gaske, ya miƙe tsaye. Na fara neman ƙofa da ido.

Ya ce, "Maƙwabci, shekara ukku na yi ina biɗar dodon ga."

Bai taɓa ni ba. Amma har yau in na shigo fada, sai wani ya ce, "Kowa shi ɓoye katin ɗan ƙasa nai, Kashe-Dodo ya iso!"