Ranar da Na Soya Tiyon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a fadamar Aliero ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha, ni kuma sabon malamin kimiyya ne a wata sakandare a Jega, kaina ya fi hulata girma. Ina neman auren Hadiza, ɗiyar Alhaji Mani manomin albasa, magana ta kusa kai wa ga sa rana.

Na je gaishe shi, aka ce yana gona. Na tarar da shi tsaye kan injin ban ruwa tare da ma'aikatansa, ransa a ɓace. Tiyon ya tsufa, rana ta busar da shi ya yi ƙarau, bakinsa ya ƙi shiga injin. Kwana biyu irin albasa bai sha ruwa ba, har ya fara kwanciya. In ya mutu, noman bana ya tafi.

Mai hankali gaisuwa zai yi, ya yi jaje, ya kama gabansa. Ni kuwa sai na gyara murya. Na ce ai roba asalinta tauri gare ta, wani irin mai ake sa mata ta yi laushi, zafin rana kuma ke fitar da shi. (Har nan gaskiya na faɗa, wallahi haka yake a littafi.) Sai na ƙara da nawa: tunda mai ne ya fita, a mayar masa da mai, yadda dukawa ke yi wa fata.

"Malam, ka tabbata?" in ji Alhaji.

"Baba, ai abin da muke koyarwa ke nan."

Aka karɓo man gyaɗa da kasko wurin mai tuyar ƙosai, aka hura wuta. Na naɗe hannun riga, na tsoma bakin tiyon. Ya yi laushi nan take! Na dubi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, na cusa shi a injin, na ce a tayar. Ko ƙiftawar ido bai yi ba ya sulluɓe, ruwan laka ya wanke Alhaji tun daga hula har takalmi. Bakin tiyon kuwa ya lanƙwashe, ya motse, yana ƙamshin ƙosai. Na ɓata kusan kamu biyu, ga shi da ma da ƙyar yake kaiwa. Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Wani cikin ma'aikata ya fara ƙyalƙyala dariya, Alhaji ya dube shi sau ɗaya, ya haɗiye ta. Alhaji ya share fuska, ya karɓi wuƙa ya yanke wurin da na soya. Ya sa aka dafa ruwa, ya jiƙa sabon bakin kaɗan, ya tura shi, ya ɗaure da tsohuwar robar tayar keke. Muka ja injin gaba zuwa bakin ruwa, ni ma na kama, da farin yadina. Ruwa ya bi kwami-kwami, irin albasa ya sha.

"Wanga mai da kake faɗi," ya ce da ni a hankali, ba mai ji, "ina jin tun can wurin ƙira anka kwaɓa shi tare da robar. Amma yau na san abin da ke kashe min tiyo. Daga yau inuwa za ya kwana. Na gode, Malam."

Ni ya yi wa godiya, jama'a, yana ɗigar laka.

Na yi wata guda ina jiran labari ya zagaye gari, a riƙa kirana mai soya tiyo. Shiru. Aka ɗaura aure, Hadiza ba ta taɓa ji ba. Sai bayan rasuwar Alhaji, a zaman makokinsa, wani tsohon ma'aikacinsa ya gaya mini cewa a ranar Alhaji ya tara su ya ce, duk wanda ya fitar da maganar ya bar masa gona. Na yi kuka kamar yaro, Allah Ya jiƙan Baba.

Tun daga nan, in ilmina rabi ne, a kan kayana nake gwada shi, kuma sai na rufe ƙofa.