Allurar Mota da Hannun Ungozoma

"Sannu da rashin aiki, maigida. Zaman makokin motar ake yi, ko ba ta ƙarasa ba tukuna?"

Gana bai ko ɗago kai daga cikin injin ba, don ya san muryar. Kakarsa ce Yakaka, tsohuwar ungozomar Fagge, wadda rabin samarin unguwar a hannunta suka yi kukan farko, har da shi kansa. Da ƙafa ta tako tun daga gida har garejin Ifeanyi a Sabon Gari, ta zo ta tsaya a gaban motar sai ka ce ita ta saya masa.

Kwana huɗu ke nan motar Gana tana wurin. Injinta na asali ne ya buga, Ifeanyi ya samo na wata motar soja da aka yi gwanjo bayan yaƙi ya ɗora mata. Injin kuwa ya tashi lafiya lau, sai dai da ya ɗan yi aiki, allurar zafi da ke gaban direba sai ta haye kan ja ta yi kwanciyarta. An canza fambel, an wanke lagireto har sau biyu, an sake tiyo, allura ta ce ba ta san zancen ba. Ga shi tun ranar Laraba wasiƙa ta zo daga Damaturu cewa Fanta, yayar Yakaka, tana kwance, kuma sunan ƙanwarta kawai take kira. Gana ya yi alkawarin kai ta, amma tsoro yake ji ya kwashi tsohuwa injin ya ƙone musu a dajin da ko rijiya babu.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe kika fito?" in ji shi. "Na ce a riƙa ɗaure ki da turmi."

"Turmin ma ya fi motarka tafiya. Shi aƙalla ana mirgina shi."

"Ki koma gida, amarya. Nan ba wurin masu haƙori biyu ba ne."

"Biyun nan da su na tauna maka nama lokacin da bakinka ba komai sai yawu. Me ke damun gawar?"

"Zazzaɓi take yi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Allura."

"Wace allura? Ta ɗinki?"

Gana ya share hannu da tsumma, ya kama ta ya ɗora ta a kan matakalar motar, ya nuna mata agogon da allurar take ciki. Ya yi mata bayani dalla-dalla, irin na mutumin da ya tabbata ba za a gane ba: in allura ta tsaya tsakiya, lafiya, in ta hau ja, ruwan cikin injin ya tafasa, sai a kashe mota tun kafin a yi asara.

"To kai ka ga ruwan yana tafasa?"

"Allura ta gani."

"Ita allurar ta taɓa hura wuta? Ta taɓa ɗora tukunya?"

"Bature ne ya ƙera ta, Yakaka."

"Shi Baturen a ruwan sanyi uwarsa ta yi jego, me ya sani? Tayar min da ita."

"Ki bari dai in kai ki gida. In tururi ya dafa ki a nan, gumbar arba'in ɗinki ba za ta yi daɗi ba, kuma na daɗe ina jiranta."

"Za ka ci, amma sai ka yi furfura. Tayar, na ce."

Ifeanyi, wanda ya shekara ashirin a Kano kuma ya san ba a shiga tsakanin kaka da jika, ya fito daga ƙarƙashin wata motar yana dariya. "Gana, yi abin da Mama ta ce. Ni dabara ta ƙare mini."

Aka tayar da injin. Yakaka ta bar su ta nufi darbejiyar da ke bakin garejin, ta karyo reshe mai ganye, ta dawo ta zauna a kan tsohuwar taya. Ba a jima ba allura ta tashi, ta wuce tsakiya, ta je ta kwanta a kan ja kamar kullum.

"Kin gani ko?" in ji Gana.

"Na ga ƙarfe ya motsa. Buɗe min bakin tulun."

"Lagireto ake cewa."

"Ko sunan ubanta ne, buɗe."

Gana ya naɗe hannu da buhu, ya kau da fuska, ya murɗa murfin a hankali yana jiran ruwa ya yi tsiri. Ba abin da ya fito sai ɗan tururi siriri. Yakaka ta sa aka ɗaga ta, ta tsoma ganyen a ciki, ta zaro, ta fyaɗa a damtsenta yadda take yi kafin ta taɓa jikin maijego. Ta sake tsomawa, ta shinshina, ta murza ganye ɗaya da yatsa.

"Wannan ne ya tafasa?"

"Haka allura ta ce."

"Shekara arba'in ina wankan jego, yaro. Ruwan da ya tafasa, ganye na shiga yake yin laushi ya saki wari. Dubi wannan, ko launi bai sake ba. In na kai wa maijego wannan ruwan, uwar mijinta sai ta ce a mayar kan wuta. Da zafinsa, amma da saura."

Ifeanyi ya daina dariya. Ya dafa tiyon sama, ya dafa na ƙasa, ya tsaya yana kallon wayar da ta fito daga jikin injin ta tafi agogo. Sai ya dafe kai.

"Gana, agogon na tsohon inji ne. Ƙusar da ke jin zafi kuwa da injin soja ta zo. Ba su san juna ba. Mota lafiyarta ƙalau."

Sai da suka jira injin ya huce, sannan Ifeanyi ya kwance ƙusar tsohon injin da ke yashe a gefe ya ɗaura a sabon. Aka sake tayarwa bayan la'asar. Allura ta taso a hankali, ta zo tsakiya, ta tsaya cak.

Gana ya daɗe yana kallon allurar. Kunya ce ta kama shi, ba ta kanikanci ba. Kwana huɗu ya ɓata wa kakarsa saboda tsoron ɗan ƙarfe, alhali ba wanda ya san kwana nawa suka rage wa Fanta.

"Sa'a ce kawai kika taka," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sa'ar ce ta yanke maka cibiya."

"To, na ji. Kin fi ni."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa. Ɗaga murya Ifeanyi ya shaida."

"Na ce kin fi ni kanikanci. Gidan gaba naki ne har Damaturu, ba wanda zai zauna kusa da ke. Da sassafe za mu tashi, sai ki je ki fara shiri."

Yakaka ta yi dariya har haƙoran nan biyu suka bayyana, sannan ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Wane shiri kuma? Je ka ɗauko ƙunshina, maigida. Tun ranar Laraba yake ɗaure a bakin ƙofa."