Sarƙar Haƙoran Chak Mo

Duk birnin Sak Ha babu jarumi kamar Chak Mo, mai riƙe wa sarki kofin koko. Wanda ke shakka ya tambayi Chak Mo, zai ba shi cikakken bayani har rana ta faɗi.

Shaidarsa tana rataye a wuyansa: haƙoran damisa goma sha biyu, farare tas, kowanne da rami a gindi da zaren auduga. A ƙasarmu ba a rataya haƙorin damisa don ado kawai. Wanda ya rataya, ya ce shi ya kashe, kuma zuciyar dabbar ta koma ƙirjinsa. Saboda sarƙar nan aka shimfiɗa masa tabarma dab da ta sarki, kuma Chak Mo ya fi son tabarmar nan fiye da 'ya'yan cikinsa.

Tafiyarsa ma abin kallo ce. Taku ɗaya, ya tsaya, ya turo ƙirji don haƙoran su yi ƙara, sannan ya ƙara taku. Kafin ya isa fada daga gidansa, mai sayar da wainar masara kan sayar da rabin kwandonta. Matan kasuwa suka raɗa masa Maganin Damisa, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

"Wannan," in ji shi, yana shafa na tsakiya, "da hannu na fizge shi. Tana kuka ina ba ta haƙuri."

Ana nan sai wata damisa ta addabi gonaki. Ta ci talotalo, ta ci karnuka, ta yage wa wani manomi cinya. Aka tara fada. Babban boka ya watsa ƙwayoyin masara, ya duba, ya ce Mai Namun Daji, iskan da ke mallakar dabbobi, shi ne ya yi fushi. Kowane maharbi ya san in ka kashe dabba, sai ka mayar da ƙoƙon kanta kogonsa da ke cikin daji, don mai ita ya sake halittar wata.

"Fiƙa goma sha biyu damisa uku ke nan," in ji boka. "Na leƙa kogo, ban ga kai ko ɗaya ba. Ranka ya daɗe, Chak Mo zai kai sarƙarsa can gobe, shi kaɗai, ya nemi gafara."

A kogon nan kuwa damisar take kwana.

Sarki ya ce, "Madalla. Ai sun saba da juna."

Jarumi ya ce gwiwarsa na ciwo. Ya ce ranar ba ta da sa'a. Boka ya ce shi ya lissafa ranar, babu mai kyanta. Chak Mo ya dubi tabarmarsa, ya dubi hanyar daji, gumi ya jiƙe masa tufafi. Tsoro ya kama shi sosai, har ni sai da na ji tausayinsa.

Can ya sunkuya, murya ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe... haƙoran na aladen daji ne."

Ya jira fada ta girgiza. Babu wanda ko ya ɗaga gira. Daga bayan taro sai tsoho Ek Chuen, mai sassaƙa kayan ado, ya yi gyaran murya.

"Haba ɗan'uwa, wane alade? Aladen ma ai sai an shiga daji! Bawon katantanwa ka kawo mini, na yi wata biyu ina goga maka shi. Abin da ko haƙori ɗaya ba shi da shi!"

Fada ta kece da dariya, har sarki ya ƙware da koko. Boka kuwa bai yi dariya ba. Ya ce doka doka ce, kowace dabba da mai ita. Washegari Chak Mo ya durƙusa a bakin rafi, gaban dukan gari, ya roƙi katantanwa gafara.

Maharba suka kashe damisar. Aka mayar da tabarmar Chak Mo bakin ƙofa, kusa da tulun ruwa. Har yanzu yana tafiyar nan tasa, taku ɗaya ya tsaya, amma matan kasuwa sun daina tsokanarsa. Sun ce ashe tun farko zuciyar dabbarsa ce a ƙirjinsa.